Daga sama ko ta ƙarƙashin ƙasa: ta ina za a kai sahihin lokaci daga Katsina zuwa Daura?

Duk mai kula da na'urorin sadarwa a Katsina, na jami'a ne ko na kamfanin waya ko na tashar wutar lantarki, akwai ranar da wannan tambayar za ta iso teburinsa: agogon na'urorinmu daga ina zai riƙa samun saiti? A da ba a wahala, sai a kafa eriyar GPS a kan rufi a manta da zancen. Yanzu da wayar fayiba, mai kai saƙo da haske ta cikin siraran zaruruwan gilashi, ta bi manyan hanyoyinmu, dillalan kaya sun fara zuwa da sababbin sunaye, PTP, SyncE, White Rabbit, kowa na yabon hajarsa. Gaskiya ne wasu sun fi wasu daidaito nesa ba kusa ba. Sai dai lambar da aka buga a jikin kwali ba ita za ta raba gardama ba. Abu biyu ne za su raba ta: kuskure nawa aikinka zai iya haɗiyewa, kuma wayar da hasken zai bi mallakar wa ce.

Abin da ake rarrabawa iri biyu ne, kuma ana yawan cuɗa su. Akwai firikwensi, wato saurin bugun agogo, kada nawa ya fi naka gudu. Akwai kuma lokacin kansa, ƙarfe nawa ne yanzu bisa ma'aunin duniya na UTC, wanda namu na Najeriya ke gabansa da awa ɗaya. Agogo biyu na iya tafiya da gudu ɗaya cif, amma ɗaya yana gaban ɗaya da minti biyar har abada. Turakun 2G da 3G da galibin 4G firikwensi kawai suke nema, da kuskuren da bai wuce kashi 50 cikin biliyan ba. 5G na zangon 3.5 GHz, wanda hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjonsa a Disambar 2021 MTN da Mafab suka saye, ba haka yake ba. Turke da wayar hannu a zango ɗaya suke magana, karɓa-karɓa: yanzu turke na aikawa, anjima kaɗan yana saurare. In turken Ƙofar Kaura ya buɗe murya daidai lokacin da na Ƙofar Marusa ke saurare, sai ya danne muryar wayoyin da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa aka ƙayyade kada turke ya kauce wa lokacin gama-gari da fiye da maikrosakan 1.5, wato kashi ɗaya da rabi cikin miliyan na sakan.

Masu wuta ma kusan nan suke. Wutarmu tana juyawa sau 50 a sakan, na'urorin da ke auna juyin a tashoshi daban-daban don a kwatanta su kuwa ana so agogonsu ya tsaya a kusan maikrosakan 1. Na'urar gano inda layi ya samu matsala ta hanyar girgizar lantarki da ke bin waya ma haka: kuskuren maikrosakan 1 yana karkatar da ita da kimanin mita 300, kuma injiniyan da ya taɓa bin turakun wuta cikin daji yana neman inda abu ya lalace ya san mita 300 ba wasa ba ce.

Sauran jama'a, banki da asibiti da cibiyar jarrabawar kwamfuta da kyamarorin tsaro, milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, ya ishe su har da saura. Su kam NTP ne maganinsu, tsarin saita agogo ta hanyar sadarwa da David Mills na Jami'ar Delaware ya fitar tun 1985, wanda kowace kwamfuta ke ɗauke da shi kyauta. Ta intanet yana kawo lokaci cikin 'yan milisakan zuwa gommai, a cikin gida kuma ƙasa da milisakan ɗaya. In aikinka nan ya tsaya, ka ajiye saba ɗaya, wato kwamfuta mai yi wa sauran hidima, mai eriyar tauraro a ɗakin na'urori, sauran su riƙa tambayarta, ka adana kuɗinka. Abin da ya rage na masu neman maikrosakan ne zuwa ƙasa.

Tauraron ɗan'adam

A ba shi haƙƙinsa, ba abin da ya kai shi arha. Taurarin GPS suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne da agogon atom a cikinsa, kuma risiba mai kyau, wato na'urar karɓar siginarsu, tana ba da lokaci cikin 'yan gomman nanosakan (nanosakan kashi ɗaya ne cikin dubu na maikrosakan) ba tare da an biya ko sisi a wata ba. Ba GPS kaɗai ba ne yanzu, akwai Galileo na Tarayyar Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin, kuma risibar zamani tana jin su duka.

Eriyar kanta farin abu ne kamar an kifa ƙaramin kofi a kan bututu. Wurin kafa ta ne ake ɓata aikin. Za ka tarar an maƙala ta a jikin bango ƙarƙashin tankin ruwa, rabin sama a rufe. Wayar da ta sauko daga gare ta zuwa ɗakin na'urori kowace mita tana jinkirta sigina da nanosakan 4 zuwa 5, dole a auna tsawonta a shigar da lambar cikin risiba, in ba haka ba wayar mita 40 ta riga ta ci kusan nanosakan 200 tun ba a fara komai ba. Sannan a sa mata makarin tsawa a haɗa shi da ƙasa da kyau, domin hadarin farkon damina ba ya tambayar farashin na'ura.

Rauninsa kuwa siginar tana isowa a galabaice, ƙaramin abu ke danne ta. A 2013 hukumar sadarwar Amurka ta ci wani direba tara saboda 'yar na'urar toshe GPS da ya sa a motarsa, don kada kamfaninsa ya san inda yake, ta dagula kayan filin jirgin Newark. Akwai kuma siginar bogi, wadda ta fi muni, domin risiba ba ta ƙorafi, sai ta karɓi lokacin ƙarya hankali kwance. Tushen ma kan yi tuntuɓe: a ranar 26 ga Janairun 2016 wasu taurarin GPS sun yi sa'o'i suna watsa lokaci da kuskuren maikrosakan 13, ƙararrawa ta yi ta kaɗawa a kamfanonin sadarwa na ƙasashe da dama. Mu kuma muna da namu ƙarin. Najeriya tana cikin yankin da saman iska ke rikicewa bayan faɗuwar rana, daga magariba zuwa tsakar dare, sigina ta riƙa rawa har risiba ta sake ta, musamman a shekarun da rana ke kan ganiyarta kamar 2024 da 2025.

Don haka tambayar da za ka yi wa dillali ita ce: in sama ta ɗauke, awa nawa akwatin zai riƙe lokaci da kansa? Mai ƙaramin dutsen kwaz da ake ɗumamawa 'yan sa'o'i ne ya fice daga maikrosakan 1.5. Mai agogon atom na rubidiyam yakan kai kwana guda ko kusa. Mai siziyam, wanda da bugunsa 9,192,631,770 aka ayyana sakan tun 1967, ma'aunin 2016 na ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ya nemi ya riƙe nanosakan 100 har kwana 14, amma kuɗinsa dubban daloli ne masu yawa. Ba wanda zai sa siziyam a kowane turke. A nan ne fayiba ta shigo: a sa agogo mai tsada wuri ɗaya, a rarraba lokacinsa ta waya.

PTP, da matsalar zuwa da dawowa

Haske a cikin gilashi ba ya gudu kamar a sarari. Kilomita 204,000 yake yi a sakan, wato maikrosakan 4.9 a kowace kilomita, kusan nanosakan 5 a kowace mita. Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne, saƙo zai kwashe kimanin maikrosakan 400 a hanya, ninkin abin da 5G ke yafewa fiye da sau 250. Dole a auna jinkirin a cire shi, kuma hanya ɗaya ce ake da ita: a aika, a jira amsa, a raba biyu.

Ka ɗauka ka aiki yaro Daura ya dubo maka agogon wani. Ya tashi ƙarfe takwas, ya dawo goma, ya ce lokacin da ya duba tara da minti biyar ya gani. Kai kuma ka raba tafiyar biyu, awa ɗaya zuwa awa ɗaya dawowa, ka yanke cewa agogon Daura na gaba da minti biyar. Ashe a zuwa motar ta tsaya lodi a Mashi minti goma, a dawowa ba ta tsaya ba. Agogon mutane lafiyarsa ƙalau, rabin bambancin tafiyar ne ya zame maka kuskure, kuma ko sau dubu ka aiki yaron, in dai haka hanyar take, ba za ka gane ba.

PTP, wanda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da lamba 1588 a 2002 ta sabunta a 2008 da 2019, wannan lissafin yake yi, sai dai katin na'ura ne ke buga hatimin lokaci daidai fitar saƙo da shigarsa, ba manhaja ba. Ana haɗa shi da SyncE, wanda ke ɗaukar firikwensi a cikin bugun layin kansa. Idan kowace na'urar da ke kan hanya ta san PTP, abin da ITU ta tsara a G.8275.1, ana samun ɗaruruwan nanosakan ko ƙasa, ya ishi 5G ya ishi masu wuta.

Amma galibin layuka zare biyu suke amfani da shi, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. Bambancin mita 600 tsakaninsu ya cinye maikrosakan 1.5 gaba ɗaya. Mutane kan ɗora laifin a kan katafilar masu aikin titi, kuma lallai tana yanke waya ba ƙaƙƙautawa. Ka ga masu gyara a bakin kwalbati, an kafa lema, an shimfiɗa tabarma, an fere kebul an fito da zaruruwa masu launi, shuɗi da ruwan lemo da kore da ruwan ƙasa, kowanne kaurinsa bai fi gashin kai da yawa ba. A goge, a datse, a sa a injin da ke narkar da bakin biyu ya haɗe su, a naɗe rarar cikin faranti a rufe. Wannan gyaran yana ƙara wa zare biyun tsawo kusan iri ɗaya, PTP kuma ya gyara lissafinsa da kansa. Bambancin da ya rage na 'yan santimita ne ko mita guda, 'yan nanosakan ke nan. Zafi da sanyi ma haka suke: kowane digiri yana sauya jinkiri da pikosakan 35 zuwa 40 a kilomita (pikosakan dubu ne nanosakan ɗaya), ta yadda wayar da aka rataya a turaku daga Katsina zuwa Daura, a ranar hunturu mai bambancin digiri 15 tsakanin asuba da azahar, za ta yi ta miƙewa da tsukewa da kusan nanosakan 45. Tunda zuwa da dawowa tare suke shan ranar, yawancinsa yana soke kansa.

Ɓarnar gaske tana wurin da ba ka gani. A tsofaffin layukan nesa akwai naɗaɗɗun zaruruwa masu tsawon kilomitoci da ake sawa a tashoshi don gyara bazuwar haske, kuma na zuwa ba lallai ya yi daidai da na dawowa ba. Ga kuma layin haya. In ka karɓi haya daga babban kamfani, ba zare aka ba ka ba, gurbi aka ba ka a cikin cunkoson saƙonnin jama'a. Saƙon lokacinka yana bin layi a kowace rauta, na'urar da ke raba saƙonni a mahaɗar layuka, da dare jira ya fi na asuba. Ranar da aka yanke wayar Kano kuwa, na'urorinsu za su karkatar da kai ta wata hanya mai nisa cikin ƙiftawar ido, wani lokaci zuwa ta nan dawowa ta can. Intanet ɗinka bai ko girgiza ba, agogonka ya yi tsallen maikrosakan ɗari ko fiye. Akwai tsarin G.8275.2 da aka yi don irin wannan layin, amma shi ma mafi ingancin salonsa yana jingina da tauraro ya riƙa auna masa bambancin. A ganina, PTP a kan layin haya da ba ka san cikinsa ba, madogara ce ta wucin gadi in GPS ya ɗauke, ba tushe ba ce.

White Rabbit

An fara shi a 2008 a CERN, cibiyar binciken nan da ke kusa da Geneva, tare da GSI ta Jamus, don daidaita dubban na'urori a injinan bincikensu. PTP ne da SyncE aka ƙara musu awo mai kaifi na juyin bugu, kuma aka kashe matsalar zare biyu tun daga tushe: zare ɗaya ne, haske mai launi ɗaya na zuwa, wani launin na dawowa. Sakamakon ƙasa da nanosakan 1 ne. Zanensa a buɗe yake, kamfanoni da dama na ƙera shi, kuma bugun 2019 na IEEE 1588 ya shigar da dabararsa. Kasuwar hannun jarin Frankfurt tana amfani da shi, a Finlan kuma an gwada shi a kan layin kusan kilomita 950 tsakanin Espoo da Kajaani.

Sai dai asalin ƙirarsa ta kilomita 10 ce, kuma mai nisa yana zuwa da sharuɗɗa. Launin haske mai nanomita 1310 da aka saba yana rasa ƙarfi da sauri, kilomita 80 ta fi ƙarfinsa, sai an koma 1490 da 1550, inda asara take kusan desibel 0.2 a kilomita, desibel kuwa ma'aunin raguwar ƙarfin haske ne. A takarda desibel 16 ke nan zuwa Daura, amma kowane tsohon ɗinki na ƙara nasa, don haka a auna layin tukuna kafin a sayi komai. Launukan biyu kuma ba gudunsu ɗaya ba, a kilomita 80 tazararsu kan kai nanosakan 70 zuwa 80, sai an auna an shigar da gyaran, aikin da ke son mutum mai haƙuri da kayan awo. Zuwa Kano, kimanin kilomita 170, sai an sa na'ura a tsakiya, wajen Kankiya misali, da wutar da ba ta yankewa. Amfilifayar ƙara ƙarfin haske da kamfanoni ke sawa a kowace kilomita 80 zuwa 100 kuwa gefe ɗaya take barin haske ya wuce, ba za ta bar zuwa da dawowa a zare ɗaya ba.

Kuɗin na'urar ba shi ne cikas ba, 'yan dubban yuro ne. Zaren ne. Ko dai naka ne, ko mai shi ya yarda ya ware maka shi ba kowa a kai. A harabar jami'a irin ta Umaru Musa 'Yar'adua ko ta tarayya da ke Dutsin-Ma, inda wayar da ke tsakanin gine-gine ta makaranta ce kuma nisan bai kai kilomita 10 ba, White Rabbit abu ne mai yiwuwa gobe, kuma sashen fiziya ko injiniya zai samu abin koyarwa da ɗalibi zai taɓa da hannu. Wani abin da ake mantawa: White Rabbit ba ya ƙirƙirar lokaci, kwafa yake yi. In tushen GPS ne mai kuskuren nanosakan 30, duk rassan za su yarda da juna ƙasa da nanosakan 1, kuma duk tare za su yi kuskuren 30 ɗin.

Sama da wannan akwai matakin masu agogon haske, inda ba saƙo ake aikawa ba, leza ce tsantsa mai bugu kusan tiriliyan 194 a sakan. Ana mayar da wani ɓangaren hasken gida, a ga yadda hanya ta jirkita shi, a gyara nan take. A 2012 Jamusawa sun yi haka a kan kilomita 920 tsakanin Braunschweig da Garching, a 2016 kuma aka kwatanta agogon sitirontiyam na Paris da na Braunschweig ta layin kilomita 1,415. Abin sha'awa ne matuƙa, amma firikwensi kawai yake kaiwa, ba ya faɗin ƙarfe nawa, kuma sai kana da agogon da ya kai wannan matsayi a ƙarshen biyu. Ba turke ko tashar wuta a jihar nan da ke da abin yi da shi. Wanda ya fi kusa da buƙata irin tamu shi ne na Polan, inda tun 2012 layin kilomita 420 ke kai bugun 10 MHz da alamar sakan daga Warsaw zuwa Borowiec, shi ma a kan zaren da aka ware.

To, wanne?

Mai turke ɗaya ko biyu a wuri mai nisa, wajen Jibiya ko Baure, wanda fayibarsa haya ce ko ma babu: risiba mai jin taurari iri-iri a zango biyu, da rubidiyam in aljihu zai ɗauka. Kada ya wahalar da kansa da sauran.

Mai turaku da yawa a cikin Katsina da Daura, kuma na'urorin hanyar nasa ne: tushe biyu, ɗaya a kowane gari, kowanne da tauraro da rubidiyam, sannan PTP da SyncE su rarraba. Amfanin tazarar kilomita 80 shi ne mai toshe sigina a gari ɗaya ba zai kai ɗayan ba, kuma tushen biyu za su riƙa tona asirin juna in ɗaya ya fara ƙarya. A layukan da suka fi muhimmanci a yi amfani da zare ɗaya mai zuwa da dawowa ko da PTP ɗin talaka ne, wannan dabarar ba ta White Rabbit kaɗai ba ce. Wannan nake ganin ya dace da mafi yawan masu tambaya.

Masu wutar lantarki sun fi kowa sa'a, domin ana saka fayiba a cikin wayar kariyar tsawa da ke can saman manyan turaku, inda katafila ba ta kaiwa. Rana na dukanta, amma an ga cewa zuwa da dawowa na soke hakan. Su ne White Rabbit ko PTP mai cikakken tallafi zai fi yi wa sauƙi a tafiya mai nisa.

Akwai kuma ramukan da ba a rufe ba tukuna. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284 da aka ƙaddamar da aikin gininsa a Fabrairun 2021, ta Daura da Katsina da Jibiya zai bi, kuma jirgin ƙasa na zamani ba ya tafiya sai da wayar sigina a gefensa. Gwamnatin tarayya ma a 2024 ta amince da shirin shimfiɗa fayiba kilomita 90,000. Ware zare ɗaya don lokaci a ranar da ake shimfiɗa kebul mai zare 48 ko 96 kusan kyauta ne, nemansa bayan an raba su ga 'yan haya kuwa ciniki ne mai tsada. Wanda zai sa hannu a yarjejeniyar haya a bana, ya nemi a rubuta masa hanyar da zaren ya bi gari-gari, da alkawarin ba za a karkatar da shi ba sai an sanar, da sakamakon awon tsawo da asarar haske na kowane zare a ranar miƙawa, da kuma sabon awo bayan kowane gyara.